Damisa: abin da ya kamata ku sani game da ita

Daga Makarfi zuwa Kudan har Ikara, abin da ido ke gani a yau gonaki ne: rake a fadama, masara da dawa a tudu, tumatir da barkono da rani. Da wuya ka sami matashin da ya taɓa ganin damisa a daji, duk da cewa irin wannan ƙasa mai duwatsu da rafuka ita ce mazauninta tun asali.

Damisa ba ta yawo a garke kamar zaki. Ita kaɗai take farauta, galibi da dare. Ba ta dogon gudu. Laɓaɓawa take yi, ciki a ƙasa, sai ta matso gab da gada ko biri sannan ta daka tsalle ta cafke maƙogwaro. Ƙarfin wuyanta da kafaɗunta ya kai ta ja naman da ya kai nauyinta ta hau bishiya da shi, ta rataye a reshe don kada kura ta ƙwace. Kukanta kuwa kamar ana yanka katako da zarto.

Cikinta wata uku ne da 'yan kwanaki, takan haifi 'ya'ya biyu ko uku a kogon dutse, su zauna tare da ita wajen shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Zanen jikin kowace damisa daban yake da na 'yar'uwarta, da shi masu bincike ke tantance su a hoton kyamarar da suke ɗaurewa a jikin bishiya.

To, ina ta tafi? Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna ta rasa kusan kashi uku cikin huɗu na wuraren da take zaune a da, kuma Afirka ta Yamma na cikin inda abin ya fi muni. 'Yan kaɗan suka rage a gandun Gashaka-Gumti da ke Taraba da Adamawa, da kuma dajin da ya haɗa Nijar, Benin da Burkina Faso.

Wasu kan ce yawan jama'a ne ya kore ta. Ni dai ban gamsu ba. A nahiyar Amurka akwai 'yar'uwarta, puma, wadda ake kira zakin dutse: jikinta ruwan ƙasa ne babu zane, ba ta ruri, kuma tana nan tun daga Kanada har kudancin tsaunukan Andes. Wani namijinta da aka laƙaba wa P-22 ya yi shekara goma, daga 2012 zuwa 2022, a wani gandu cikin birnin Los Angeles, yana cin barewa. A Mumbai ta Indiya ma damisa na zaune a gefen miliyoyin mutane. Abin da take buƙata abinci ne da maɓoya. Mu kuwa mun cinye gada da barewa, mun sare kurmi mun yi gawayi. Da ta koma kan awaki, sai guba da tarko.

Ga kuma kasuwar fata da haƙora, don ado da tsibbu. Dokar Najeriya ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta haramta farautar damisa da cinikinta. In an kawo maka fatarta a kasuwa, kada ka saya.