Marayun Shekarun Yunwa: Labarin Da Ba Mu Rubuta Wa 'Ya'yanmu Ba

Masu iya magana kan ce, wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To amma yaron da ba a taɓa ba shi labarin bara ba, yaya zai san cewa wuyar bana tana da ƙarshe?

A Kanya Babba, cikin ƙaramar hukumar Babura, da ƙauyukan Kazaure da Roni da Gwiwa, har yanzu akwai dattawan da suka ga farin 1972 zuwa 1974 da idonsu, lokacin da gero ya ƙone a gona, shanu suka zube. Su ma sun ji daga kakanninsu labarin Kakalaba, yunwar 1914 da ta biyo bayan ƙamfar ruwan 1913, wadda ta sa mutane tona gidan tururuwa don neman hatsi. Sai 'Yar Buhu ta 1927, sai faɗuwar farashin gyaɗa bayan 1929, alhali haraji na nan daram, sai kuma 'Yar Gusau ta 1942. Kowace daga cikinsu ta bar marayu a hannun kaka ko kawu ko malamin allo.

Abin takaici, da wuya ɗan firamare ya sami ƙagaggen littafin Hausa da ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan marayu ya mai da shi jarumi. A Ingila, Charles Dickens ya fitar da Oliver Twist a 1838, maraya a gidan matalauta. A Amurka, Christopher Paul Curtis ya rubuta Bud, Not Buddy a 1999, labarin maraya mai shekara goma a garin Flint cikin matsin tattalin arzikin 1936, littafin da ya ci lambar Newbery a 2000. Da irin waɗannan ne yaransu ke fahimtar abin da alƙaluman tarihi ba sa iya faɗa.

Ba wai adabinmu bai san maraya ba ne. Tatsuniyoyinmu cike suke da marainiya da kishiyar uwa. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934 bayan gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya, labari ne na yaron da ya rasa uba, aka sace shi, aka ƙetara Sahara da shi. Sai dai jigonsa cinikin bayi ne. Yunwa da haraji ba su sami nasu marubucin ba, adabin kasuwar Kano kuwa ya fi karkata ga soyayya da zaman aure.

Tun bayan janye tallafin mai a 2023, tsadar kwanon masara ta koma hirar kowane gida, rikice-rikicen Arewa kuma sun ƙara yawan marayu. Yaron da ya karanta yadda tsaransa ya tsira a 1914 ta hanyar zumunci da ciyayya, zai ga kansa a ciki, ɗan mai hali kuma zai koyi tausayi.

Don haka kira ga marubutanmu da ɗaliban Hausa na Kwalejin Ilimi ta Gumel: a je wurin dattawan nan, a ɗauki muryoyinsu tun suna raye, a rubuta. Ma'aikatar Ilimi ta Jigawa kuma ta buga, ta raba wa makarantu. Allah Ya jiƙan magabata, Ya raya marayunmu.