Zoɓo Da Kanwa Ma Darasi Ne

Yau zancenmu a kan yaran nan ne 'yan shekara 13 zuwa 16, masu ƙafa ɗaya a makaranta ɗaya a waje. Kin san su, watakila ma akwai ɗaya a ɗakinki. Yau makara, gobe fashi, jibi ciwon kai. Kafin a farga yarinya ta koma talla gaba ɗaya, yaro kuwa ya bi 'yan tasha.

Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro shekara 9 a makaranta kyauta, wato 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. To amma doka aji take kai yaro, ba ta zaunar da hankalinsa. Talauci da auren wuri suna da nasu laifin, ban musa ba. Sai dai mu malamai mun lura cewa wanda ya daɗe ba ya gane karatu shi ke fara gudu. Kullum allo cike da Turanci, a kwafa a haddace, in an kasa a sha dariya ko bulala. Wa zai yi marmarin inda ake kunyata shi?

A nan ne kimiyya take da rana, domin darasi ce ta hannu da ido, gani kuwa ya kori ji. Kada ki ce sai da ɗakin gwaji mai tsada, rabin kayan aikin suna madafarki.

A jiƙa zoɓo a raba kofi biyu. A matsa lemun tsami a ɗaya, sai jan ya ƙara haske. A zuba ruwan kanwa a ɗayan, sai ya juye kore mai duhu. Wannan shi ne darasin da littafi ke kira asid da alkali. Yarinyar da ke tallan zoɓo, wadda kullum tana kujerar baya, ran nan ita za ta nuna wa aji yadda ake jiƙo. Wadda aka tafa wa yau da wuya ta yi fashi gobe.

Haka in aka daka 'ya'yan zogale aka kaɗa a ruwan da ya gurɓace, cikin awa ɗaya ko biyu lakar za ta kwanta a ƙasa, ko da yake sai an tafasa kafin a sha. Ga kuma ruwan gishiri da sukari na mai gudawa: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yarinyar da ta haɗa wannan ta ceci ƙanenta ba sai an gaya mata amfanin makaranta ba.

A ba yaran labarin marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yayin da ruwan ke bushewa sai ya tafi da zafi, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa, tumatir da yalo su yi kwanaki ba su lalace ba. Wannan dabara ta sa ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000.

To ke uwa, mene ne naki? In ta dawo, kada ki tsaya ga "Kin ci nawa?" Ce mata, "Me kuka gwada yau? Nuna mini." In ta nemi ɗan zoɓo ko tsohuwar kwalba, ba ta, ba ɓarna ba ce. In talla ta zama dole, a bari sai an tashi daga makaranta. In kuwa kin ga fashi ya kai mako, yafa gyalenki ki je ki ga malamarta, kada ki jira takardar sakamako. A taron iyaye da malamai kuma, a tambayi shugaban makaranta ko yara suna gwaji da hannunsu.

Tun 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, daga baya aka yi ta 'yan mata a Taura. Duk da haka har yau muna kukan ƙarancin likitoci mata da ungozoma. Makarantar koyon jinya kuwa ba ta ɗaukar ɗaliba sai da kiredit 5: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Wadda ta ajiye littafi a ƙaramar sakandare ta rufe wa kanta wannan ƙofa. Ran da naƙuda ta zo da gardama, 'yar wa kike so ki tarar a asibiti?

Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya shirya mana zuri'a, amin. Sai mun sake saduwa.