Ziyarar Tunga a Bakin Tafkin Kainji Sa'ad da Ruwa Ya Janye

'Yan'uwa manoma, tunga ita ce wurin da masunta su kan kafa bukkoki a bakin ruwa domin su. Wanda ya je tunga lokacin da tafki ya cika, kifi da jirage kaɗai zai gani. Amma in ƙungiyarku ta gama kai tana neman fili a bakin ruwa, ku je sa'ad da ruwa ya janye, masunta sun bi shi, bukkoki ba kowa. A lokacin ne ƙasa ta ke nuna halinta.

An gama madatsar Kainji a kan Kogin Kwara a 1968. Tafkin ya kan sami ruwa sau biyu a shekara. Farin ruwa, watau na daminarmu, ya kan fara shiga wajen Agusta. Baƙin ruwa kuwa daga ƙasar Gini ya ke tasowa, ba ya isowa sai wajen Disamba. Bayan wannan tafkin ya kan yi ta sauka har kusan mita 10, ya bar fili mai laima.

In kun isa, ku lura da abu uku.

Na fari, ku nemi alamar da ruwa ya bari a jikin itatuwa da duwatsu, ku kafa turke a nan. Filin da ke can ƙasa shi ne na ƙarshen fitowa, shi ne kuma na farkon nutsewa. Wanda ya yi shuka a can a makare, ruwa zai riga shi girbi, ga bashin iri a wuyansa.

Na biyu, ku gai da mai gari da sarkin ruwa kafin ku auna ko taki ɗaya. Bukka ba kowa, amma tana da mai ita. Ku tambayi hanyar da shanun Fulani ke bi zuwa mashaya, kada ku tare ta.

Na uku, ku hana yara wanka a ruwan da ya kwanta. Ƙananan katantanwa da ke ciki su ke ɗauke da tsagiya. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti, akwai magani.

Ku aiki mutum biyu ko uku, su kawo wa taro labari kafin a taɓa kuɗin asusu. Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanmu.