Kumburin Jijiyar Jini A Cikin Kai

Duk mai keke ya san yadda tsohon tiyub yakan yi ƙullutu a inda robar ta sile, in an cika masa iska. To, haka jijiyar jini takan yi a cikin kan mutum. Inda jikinta ya yi rauni sai ta kumbura kamar 'yar kanya. Likitoci suna kiran wannan aniyurizim. An ƙiyasta cikin manyan mutane 100, wajen 3 suna da shi, galibinsu kuwa har su tsufa ba su sani ba, don muddin bai fashe ba, ba safai yakan yi ciwo ba.

Saboda haka yawanci bisa katari a kan gan shi, watau in an ɗauki hoton kai da na'urar CT ko MRI don wata cuta dabam. Amma wani sa'i yakan girma ya danne jijiyar ido. Sai ka ga fatar ido ɗaya ta sauko ba zato, baƙin idon ya buɗe, mutum yana ganin abu bibbiyu. Mu nan Iku sai a ce iska ce, a shiga turare. Wannan kuwa maganar asibiti ce a ranar, kuma daga Suleja zuwa Asibitin Ƙasa na Abuja ba tafiyar yini ba ce.

A 1937 wani likitan Amurka, Walter Dandy, ya buɗe ƙoƙon kai ya matse wuyan kumburin da ɗan ƙarfe, har yau ana yin haka. Wajen 1990 Guido Guglielmi, mutumin Italiya, ya kawo wata dabara. A kan zura siririn bututu ta jijiyar cinya har cikin kai, a cusa lallausar waya a kumburin, jini ya daskare ya toshe shi. A ƙasarmu Latunde Odeku ne ya kafa sashen aikin ƙwaƙwalwa a Ibadan a 1962.

Sai dai ba kowane a ke taɓawa ba, ni kuwa ina ganin nan hikimar take. Ƙarami, wanda bai kai milimita 7 ba, da wuya ya fashe, aikin kuma yana da nasa haɗarin. Sai likita ya riƙa sake hoto yana aunawa, ya ce a sha maganin hawan jini, a bar taba. Wanda mutum biyu cikin iyayensa ko 'yan'uwansa suka yi ciwon, a kan shawarce shi ya je a duba shi ko da lafiyarsa lau.