Kwarin Douro: Gonakin Inabi a Kan Duwatsun Fotugal

Kwarin Douro, wanda ke arewa maso gabashin Fotugal, yana cikin tsofaffin yankunan noman inabin giya da hukuma ta shata wa iyaka, domin tun a shekarar 1756 gwamnatin ƙasar ta ƙayyade filayensa da ƙa'idojin sarrafa giyar Port. Da yake duwatsun Marão suna tare iskar tekun Atlantika mai ɗauke da danshi, yankin yana samun zafi mai tsanani da ƙarancin ruwan sama a bazara, abin da ke ƙara wa inabin zaƙi. Saboda tsananin gangaren tsaunukan, manoma sun sassaƙa su hawa-hawa, suka gina katangun dutse masu riƙe ƙasa, kuma wannan aiki na ɗaruruwan shekaru ne ya sa hukumar UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2001.

Abincin mutanen wurin ya dogara ga man zaitun da gasasshen ɗan akuya da kuma alheira, wato naman kaji da burodi da ake cusawa cikin hanji, wadda ake danganta asalinta da Yahudawan da aka tilasta wa shiga Kiristanci, waɗanda suka ƙirƙire ta don kada a gane ba sa cin naman alade.

A ɓangaren tarihi kuwa, kwarin Côa da ke wannan yanki yana ɗauke da zane-zanen dabbobi da aka sassaƙa a jikin duwatsu fiye da shekaru 20,000 da suka wuce, yayin da garin Lamego, shi ma a yankin, ya shahara da cocin da ake hawa matakala 686 kafin a isa gare shi.