Me Ya Sa Ake Ɓoye Sirrin Makami Har Ga Masu Ƙera Shi?

Idan kana karanta ƙagaggun labaran kimiyya na yaƙi, ko kana kallon finafinansu, ka saba da wannan yanayi: ana ƙera wani sabon makami, injiniya ya nemi ƙarin bayani, babban hafsa ya ce masa wannan ba huruminsa ba ne. A littafin Ender's Game na Orson Scott Card, wanda ya fito a 1985, abin ya kai maƙura. Yaron da ake horarwa yana zaton jarrabawa yake yi a kwamfuta, ashe rundunar gaske yake jagoranta, har ya hallaka duniyar abokan gaba bai sani ba.

To, marubuta ba su suka ƙirƙiro wannan tsari ba. Ƙa'idar ita ce a gaya wa kowane ma'aikaci iya abin da aikinsa ke buƙata kawai. Idan aka kama shi ko aka saye shi, guntun sirri ne zai fita, ba dukkansa ba.

Dubi Shirin Manhattan, wanda Amurka ta ƙera bam ɗin nukiliya da shi a Yaƙin Duniya na Biyu. Ma'aikatansa sun kusa 130,000, kuma Janar Leslie Groves ya rarraba aikin gida-gida. A Oak Ridge, 'yan mata suna zaune suna murɗa maɓallan na'ura, ba su san yuraniyom suke tacewa ba. Kai, hatta mataimakin shugaban ƙasa Harry Truman ba a yi masa bayani ba sai da ya gaji Roosevelt a Afrilun 1945.

Sai dai fa ɓoyon yana da tsada. Na farko, kimiyya da musayar ra'ayi take ci gaba, shi ya sa Robert Oppenheimer ya dage sai an bar masanan Los Alamos su riƙa zama suna tattauna aikin juna. Na biyu, akwai haɗari. Yuraniyom da aka tace, idan ya taru da yawa wuri guda, musamman cikin ruwa, yana iya tayar da mummunan tururin nukiliya. Wanda bai san abin da yake ajiyewa ba, ta yaya zai kiyaye? Sai da aka tura Richard Feynman Oak Ridge ya yi musu bayani.

Na uku, sirrin bai ma tsira ba. Klaus Fuchs, masanin da ke cikin Los Alamos, ya miƙa wa Tarayyar Sobiyet bayanai, ita kuma ta gwada nata bam ɗin a Agustan 1949.

Ga wani abin mamaki. A Maris 1944, mujallar Astounding Science Fiction ta buga labarin Cleve Cartmill mai suna Deadline, wanda ya siffanta bam na yuraniyom. Jami'an tsaro suka bi sawunsa da na editansa, John W. Campbell, suna neman wanda ya fallasa. Bincike ya nuna daga rubuce-rubucen kimiyya da kowa ke iya karantawa aka tsinto bayanan.

Nan ne iyakar tsarin. Gwamnati tana iya kulle zanen makami da sunan masana'anta, amma dokokin kimiyyar lissafi da na halitta ba su kulluwa. Saboda haka, in ka sake cin karo da hafsan nan a labari, ka tambayi kanka: daga abokin gaba yake ɓoye sirrin, ko daga wanda zai ƙi aikin in ya sani?