Tsohon Shugaban Ƙasa da Kafofin Sada Zumunta: Yadda Saƙo Yake Isa Sukukutane

1. Gabatarwa

Wannan maƙala za ta duba yadda maganar tsohon shugaban ƙasa take fita daga shafin intanet har ta isa ƙauye kamar Sukukutane, a gundumar Dogon Dutsi, da abin da take zama a kan hanya. Za a kafa hujja da misalai biyu daga siyasar Nijar.

2. Daga dandali zuwa salula

A watan Maris na 1993 aka zaɓi Mahaman Usman bayan ya kayar da Tanja Mamadu a zagaye na biyu. A wancan lokaci ɗan takara yana isa ga talaka ne ta taron gangami, da bakin maroƙa da mawaƙa, da Muryar Sahel, da sashen Hausa na BBC da na Muryar Jamus. Mai magana sananne ne, mai sauraro kuma ya san daga inda maganar ta fito. Ranar 27 ga Janairun 1996 Kanal Ibrahim Bare Mainasara, ɗan asalin Dumega ta ƙasar Arewa, ya hamɓare shi.

Bayan shekara 25, Mahaman Usman ya sake kaiwa zagaye na biyu ranar 21 ga Fabrairun 2021, a ƙarƙashin tutar RDR-Canji. Hukumar zaɓe ta ba Bazum Mohamed kusan kashi 56 cikin ɗari. Mahaman Usman ya yi jawabi daga Damagaram cewa shi ne ya ci da kashi 50,3. Jawabin ya bazu ta salula, tarzoma ta ɓarke a Yamai, gwamnati ta ba da sanarwar mutuwar mutum biyu da kama 468, aka kuma katse intanet ɗin salula na kwana goma.

3. Misali na biyu

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Isufu Mahamadu ya rubuta a shafinsa na Twitter, ranar 30 ga wata, cewa yana neman sulhu domin a saki Bazum a mayar da shi kan mulki. A watan Satumba kuma ya nuna rashin yarda da shigowar sojojin waje. Da Faransanci ya yi duka rubutun.

4. Tattaunawa

Abubuwa uku ne suka fito fili. Na farko, tsohon shugaba ba ya riƙe da ofis, amma sunansa yana da nauyin ofis; ba majalisar da za ta tuhume shi kan abin da ya rubuta. Na biyu, harshe: manomin Sukukutane ba rubutun yake karantawa ba, fassararsa yake ji, ta saƙon murya a WhatsApp, ko a fadar matasa, ko ranar kasuwa. Mai fassarar kuwa galibi ɗan jam'iyya ne, yakan ƙara gishiri ko ya rage. Wato maroƙin jiya bai ɓace ba, fuskarsa ce kawai ta ɓuya. Na uku, martanin hukuma: dokar laifuffukan intanet ta 2019 da katse layi suna faɗa wa mai turawa da mai sauraro, ba wanda ya fara maganar kaɗai ba.

5. Kammalawa

An soke jam'iyyun siyasa a watan Maris na 2025, amma hanyar da saƙo yake bi tana nan. Saboda haka mai nazarin harshe ko siyasa da ya tsaya ga rubutun Faransanci ya ga rabin lamari ne kawai. Ya kamata ɗalibai su tattara saƙonnin murya na Hausa, su gwada su da asalin rubutun, su gano kalmar da aka sauya da wanda ya amfana da sauyin.